Jirgin da Inna Za Ta Hau

Jidda, Shawwal 1397

Zuwa ga matata Mastura,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Inna da ɗanmu Idris, da duk mutanen Bur Sudan. Ni ma alhamdu lillahi.

An kawo sabon abu ofishinmu na zanen jiragen ruwa. Kwamfuta ce, girmanta ya kai kabad biyu, an ware mata ɗaki mai sanyi ita kaɗai, mu kuwa muna ta gumi. A cikinta akwai tsarin lissafi da suke kira barnamaj. Idan aka ba shi awon jirgi, sai ya faɗi inda ƙarfe zai jure dukan teku da inda zai gaza. Da na gan ta gabana ya faɗi, na ce shi ke nan, mai zane da fensir irina ya kusa komawa gida. Sai ga Muhandis Abdulghani, injiniyan da ke shugabantarmu, ya zaunar da ni yana koya mini huda katunan da ake ba ta awo da su. Na yi ta kuskure, yana ta cewa yalla, sake.

Kin san jirgin da aka fara gwadawa? Najma, wanda Inna za ta hau zuwa aikin Hajji. An fito da shi tudu don gyara kafin jigilar alhazai.

Mijinki,
Rafi'u

Jidda, Zulƙida 1397

Mastura,

Ina gaishe ki, ina gaida Inna. Yaya tarin Idris?

Karanta wannan ke kaɗai tukuna. Mun auna kaurin ƙarfen Najma, ni na huda katunan. Da takarda ta fito, sai ta nuna ƙarafan haƙarƙarin tsakiyar jirgin sun sirance, ba za su ɗauki cikakken lodi ba idan teku ta tashi. Na yi addu'a a ce kuskurena ne. Muhandis ya bi katunan ɗaya bayan ɗaya, muka sake, amsar ba ta canja ba. Da aka ɓamɓare katakon da ya rufe wurin, sai ga shi tsatsa ta cinye su, har guduma tana lotsa ƙarfen.

Mai jirgin ya zo yana faɗa, wai shekara da shekaru jirginsa na ratsa teku, yau wani akwati wai shi kwamfuta zai hana shi. Muhandis ya kai shi ya taɓa wurin da hannunsa. Da ya taɓa, sai ya ce, "Halas, shi ke nan, ku gyara."

Abin da ke damuna shi ne lokaci. Idan masu walda ba su gama ba, Inna za ta rasa Hajjin bana, kuma kin san yadda ƙafafunta suke, ban san ko baɗi za ta iya ba. Ni na zana sababbin ƙarafan. Da an tashi aiki sai in sauka wurin masu walda in tsaya, har Usuman, babbansu, ya ce in ba zan tafi ba to in riƙe masa fitila. Na riƙe.

Ki ce wa Inna tafiya ta ɗan ja baya. Sauran ki bar mini.

Naki,
Rafi'u

Jidda, farkon Zulhajji 1397

Mastura tawa,

Gaisuwa da fatan alheri. Inna ta iso lafiya!

An gama gyaran da ƙyar, Najma ne jirgi na ƙarshe da ya shigo daga wajenku. Fasinjoji sun ce iska ta same su a hanya, kaya na ta gangarawa. Na tsaya a mashiga ina duba duk tsohuwar da ta sauko, har na hango ta da buta a hannu, tana yi wa wani ɗan dako faɗa. Na durƙusa na gaishe ta.

A ɗakina na unguwar Sa'alaba na ba ta labarin duka. Ta saurara, ta ce ita dai barci ta yi ta yi. Sannan ta tambaya ko ana ba akwatin nan abinci. Na ce a'a. Ta ce to Allah ya yi wa wanda ya ƙera shi albarka, da kai da ka ba shi awo daidai.

Gobe za mu ɗaura harami. Muhandis ya ce bayan Sallah zai yi wa kafili, mai tsaya mini a ƙasar nan, maganar iƙamarku, wato takardar izinin zama, ke da Idris. Ki fara ɗaure kaya.

Mijinki mai kewarki,
Rafi'u