Jos ko Damagaram, Sadiyata?

Zuwa ga Halima Sa'adiyya, Sadiyata, sanyin idona, inuwar tsamiyata a tsakar rana, ruwan fari da ƙasa ta gaji da jira, kurciyar da ta tashi ta bar mini reshe yana rawa.

Sallama irin ta wanda ya daɗe tsaye a ƙofar gida yana sauraron a amsa masa. Ina gaida ki, ina gaida jikinki, ina gaida zuciyarki wadda na san ta fi jikin jin jiki. Ki durƙusa ki gaida mini Baba da Inna, Allah Ya saka musu da alheri bisa riƙon da suke miki.

Kada ki yi mamakin ganin takarda daga mijinki, mutumin da ya haddace lambar wayarki kamar sunansa. Ai ina kira. Ki ɗauka ki ce lafiya lau, in ce ya jiki, ki ce da sauƙi, sai in tsaya ina jin numfashinki, ina jin kukan kajin gidanku na Roni, har kati ya ƙare. Na zo da ƙafata ma, kika fito zaure kika gaishe ni kanki a ƙasa kamar baƙon Baba. Wayyo Sadiya! Yaushe na zama baƙo a wurinki? Maganar da ke cikina ta fi ƙarfin waya, shi ya sa na ba Gwaggo Fatu wannan takarda ta danƙa miki hannu da hannu.

Tun ranar da Allah Ya ba mu 'yarmu, Ya kuma karɓi abinSa kafin a kai ga suna, aka wuce da ke gida daga asibiti, ni ban zauna ba. Wallahi ban zauna ba! Ɗakinmu na Kazaure ya zame mini kamar rigar da ta yi kaɗan. In shiga, in ga gyalenki a rataye a bayan ƙofa, in fito. In hau babur in tafi ofishin gona a Gwiwa, manoma na tambayata maganin tsutsar masara, ni kuwa ina kallon bakinsu kamar da wani yare suke magana. In taso tun lokaci bai yi ba, in zagaya bakin dam, in ga bado ya yi fure fari fat a kan ruwa, in ce ga Sadiya, sai in kasa tsayawa a nan ɗin ma. Ina zan sa kaina? Wane dutse ne a cikin duwatsun garin nan ban zauna a gindinsa na tashi ba?

Gwaggo Fatu ce ta tare ni a ƙofar gidanku ranar da na zo na ƙarshe. Ta ce mini, “Ɗan nan, jikin yarinyar nan ya warke, amma ita ba ta dawo ba. Bango ɗaya take kallo tun safe. Ka fitar da ita ta ga wata ƙasa, ta shaƙi wata iska.” Na ce to, Gwaggo. Ban san da me zan fitar da ke ba, amma na ce to.

Kin tuna ragon suna? Farin nan mai baƙin kunne da kike ba shi dusa da hannunki, kina ce masa Alhaji saboda ƙasaitar tafiyarsa? Kullum na dawo sai ya taso yana leƙen bayana, yana neman ki. Na kasa jure idonsa. Ranar kasuwar Gwiwa na kai shi, farashin farko da aka taya na sallama, har dillali ya bi ni da kallo. Na dawo da kuɗin a aljihu suna ƙona mini cinya kamar garwashi. Na yi alkawari tsakanina da Ubangijina: kuɗin nan ba za su shiga cefane ba, ba za su shiga man babur ba. Don murnarki aka sayi ragon, a kanki kuɗinsa za su ƙare. Sai dai tafiya ɗaya kawai za su ɗauka, garuruwan da ke raina kuwa biyu ne.

Na farko kin san shi. Tuna yammacin nan, muna sabon aure, da hadari ya tare mu a hanyar dam muka fake a rumfar masunta. Ruwa na zuba, ke kina nuna mini hotunan Jos a wayarki: hazo a kan tsaunuka, gonakin dankali, mata sanye da rigunan sanyi. Na ce miki, “In duwatsu ne ai ga su nan birjik a Kazaure.” Kika murguɗa baki kika ce, “Naku duwatsun gasa mutum suke yi, na can lallashi suke.” Kika yi dariya har haƙoranki suka haska rumfar, dariyar nan mai kama da zubar nono a sabuwar ƙwarya. A nan na ce zan kai ki Jos ko da ƙafa ne. Ke kin ɗauka wasa nake. Ni kuwa har yau ɗigon ruwan da ya sauka a goshinki yana idona.

Na biyu Damagaram, inda Yaya Nafisat take aure. Rabonki da ita tun bikinmu. Da aka rufe iyaka kin yi ta ƙorafi, da aka buɗe kuma ciki ya yi nauyi.

Sai na shiga yawon tambaya kamar wanda ya ɓatar da akuya. Na fara da tashar Kazaure, wurin Daudu direba, wanda yake jigilar Kano. Ya ce Jos hawa biyu ce, daga nan zuwa Kano, daga Kano a sake mota, yini guda cur a zaune. Da ya faɗa mini kuɗin mutum biyu zuwa da dawowa, sai na ga fiye da rabin ragon ya tafi a kan kwalta tun ba mu sha ruwan garin ba. Na kira abokina Jalaluddeen, wanda ya yi bautar ƙasa a can. Ya ce masauki mai tsabta da za a kai mace ba ya yin araha, abinci kuwa safe, rana da dare duk na saye ne, ga kuɗin zirga-zirga a gari, ga rigar sanyi da dole in saya miki. Na haɗa, na rage, na sake haɗawa. Abin da ya fito shi ne za mu je, mu ɗan leƙa hazon nan, kafin ki saba da sanyin mu juyo.

Ban iya haƙura zuwa gobe ba. A ranar na tayar da babur na nufi Babura, rana na dukan ƙeyata. Direbobin can suka ce ai Damagaram a bayan gida take: a bi ta Magarya, a karya kumallo a Babura, a yi la'asar a can, in masu duba takardu a hanya ba su ɓata lokaci ba. Kuɗin mota bai kai na Jos ba ko kusa. Masauki kyauta, abinci a gidan 'yar'uwa. Zuciyata ta fara sanyi. Sai na zauna a bencin wani mai canji, Ashiru, na ce ya gwada mini abin da nairata za ta zama. Sadiya, da kin ga abin da na gani! Jikar sefa guda, wato sefa dubu ɗaya, ta haura naira dubu biyu. Damin kuɗin da ya cika mini aljihu, da ya lissafa shi da sefa, sai ya koma 'yan ganye kamar zogalen da aka tafasa. Ga tsaraba kuma. Da wane ido zan shiga gidan yayarki hannu na dukan cinya? Turmin atamfa, goro na maigidanta, sabulu, alewar yara, ɗan abin da za a ba tsofaffin gidan. Da na tara duka, sai na ga Damagaram ta kusa ta kamo Jos ta nesa, sun tsaya kafaɗa da kafaɗa suna kallona.

Kin ga abin haushi? Na so lissafi ya yanke mini hukunci, in ce miki kuɗi ne suka zaɓa, ba ni ba. Lissafi ya ƙi. Ya bar ni da zuciyata tsirara a kan bencin mai canji.

To bari in faɗa miki abin da zuciyar take so, ya ke zumar farkon kaka, ya ke farin wata a kan ruwa kwance. Jos take so! Jos take so, don a can babu wanda ya san mu. Babu mai shigowa gaisuwa, babu mai kallon ki da tausayi. Ni da ke kawai, ki jingina da kafaɗata a mota, in saya miki shayi mai zafi, in ga ko sanyin can zai sa ki matso kusa da ni kamar da. A Damagaram fa? Za a shimfiɗa mini tabarma a ɗakin baƙi, in yini da mijin Yaya muna shan shayi muna zancen farashin gero, ke kina can ciki tsakanin mata. In gan ki sai in an aiko ki da kwanon abinci. In kashe kuɗin ragon duka don in koma baƙo a wani zauren? Ina kishin ki, Sadiya, har da 'yar'uwarki ina kishin ki, Allah Ya yafe mini.

Ina nan zaune sai wata maganar Gwaggo ta faɗo mini. Ta ce duk gidan ba a jin muryarki ta yi tsawo sai in Yaya Nafisat ta kira, ki shige ɗaki ki turo ƙofa. Na san dalili. Ita ma ɗanta na fari a zanen goyo aka fita da shi zuwa maƙabarta. Abin da kike ɗauke da shi ta taɓa ɗauka, ta san inda yake danna mutum. Ni ina da so kamar ruwan dam a watan Agusta, amma ban san ta inda ake sauke wannan kayan ba.

Sai na kira Yaya Nafisat a nan take. Na gaishe ta, na fara kame-kame, ina zancen mota da canji. Ta katse ni ta ce, “Zaharadeen, bar lissafin nan. Kada ka sayo mini komai. Kawo mini ƙanwata kawai. Kai ma ka zo ka huta, ai kai ma 'yarka ce ta rasu.”

Sadiya, tun da abin ya faru kowa ce mini yake ya jikin maiɗaki, ya haƙurin maiɗaki. Daidai ne, ke kika sha wuya. Amma babu wanda ya taɓa ce mini haka. Na tashi daga bencin, na zagaya bayan wata motar gero, na yi kukan da ban yi ba a maƙabarta. Ƙato da ni, a tsakiyar tashar Babura, da rana tsaka! Da na share fuska na dawo, na miƙa wa Ashiru kuɗin na ce ya canza.

Don haka Damagaram za mu, in kin yarda. Tsarabar ma zan saya, ko Yaya ta yi faɗa. Na haƙura da kafaɗarki a kan tawa, na haƙura da hazon tsaunuka. In zama a ɗakin baƙi shi ne kuɗin jin dariyarki ta tsallako katanga ta same ni, wallahi ya yi araha! Jos kuwa tana nan inda Allah Ya ajiye ta. Albasar da zan dasa a bakin dam bana, da sunan tafiyar Jos zan dasa.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci zan zo Roni in nemi iznin Baba. In kin ga ba za ki iya ba, ki faɗa wa Gwaggo, ba zan yi fushi ba, zan ci gaba da jira kamar yadda gona ke jiran damina. Amma ina roƙon ki, hasken ɗakina, ki fito. Ki fito ko ba ki yi kwalliya ba, ko ba za ki ce mini uffan ba har mu isa. In kuka ya zo miki a hanya ki yi abinki, ba zan ce ki yi shiru ba. Wataƙila ma in taya ki.

Saura magana ɗaya, wadda na kasa faɗa a waya, na kasa faɗa a zaure. Lokacin da aka miƙo mini ita a asibiti, ke ba ki farfaɗo ba tukuna. Na ɗauke ta, ba ta fi nauyin tantabara ba, ta riƙe mini ɗan yatsa. Na yi mata kiran salla a kunne, na yi mata huɗuba da sunan da kika zaɓa tun cikin yana wata huɗu. Mutane suna ta cewa jaririyar, jaririyar, kamar ba ta da suna. Tana da suna, Sadiya. Ta ji shi da kunnenta kafin ta tafi. Zulaiha ce. Ke kuma Maman Zulaiha ce, yau da gobe da ranar da za ta tare mu a ƙofar Aljanna da yardar Allah.

Ni ne naki, wanda ba shi da wata sai ke, a kusa ko a nesa, a ɗaki ɗaya ko da katanga a tsakani, har ranar da za a mayar da ni ƙasa,

Zaharadeen, Baban Zulaiha
Kazaure