Tsinkayen Tsintsiyar da Kika Bari a Littafinki

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Saratu,

Gaisuwa mai yawa da ladabi, cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Daga Riyad nake rubuto miki, unguwar Nasim, shekara shida bayan an kwantar da ke a bayan majami'ar garinmu. Ko kina da rai, wasiƙa sai an karanta miki. To, yau ma ki kasa kunne yadda kika saba.

A kan 'yata takwararki zan yi miki magana, Inna Ƙarama. Shekararta goma sha ɗaya. Wata biyu cur ta yi, da ta ji motsin makullina a ƙofa sai ta tashi ta shige ɗaki. Ni na jawo.

Kin san halina. Tun da na bar sakandare ban sake zama gaban malami ba. Da jan wayar lantarki na fara. Jaka ɗaya na shigo da ita ƙasar nan, yau masu aikin lantarki ne a ƙarƙashina a wurin gini, kuma da gumina na samo wa iyalina iƙama, takardar izinin zama. Na daɗe ina gaya wa duk mai saurare cewa ba wanda ya koya mini komai.

Da ni da surukarki Rahila muka yanke shawarar koyar da yarinyar a gida, sai muka raba aiki. Ita da ma malama ce, ta ɗauki lissafi da Turanci da sauransu. Ni na ce Littafi Mai Tsarki nawa ne, kuma da Hausa za a karanta shi. A nan falonmu shi ne majami'armu, ba mu dami kowa ba, ba wanda ya dame mu. In ba ta ji Maganar Allah da harshenki a falon nan ba, ba inda za ta ji.

Sai na zana jadawali irin wanda muke liƙawa a ofishin wurin gini. Daga Farawa zuwa Wahayi a shekara guda, sura uku ko huɗu kullum, da asuba kafin motar kamfani ta zo. Kowace rana da akwatinta. In an gama, alama da baƙin biro. In an makara, da ja, yadda mudir, wato manajanmu, yake yi mana. Na manna a jikin firij, ina jin na yi abin kai.

Inna, yarinyar nan Larabci da Turanci sun fi zama a bakinta. Tana jin Hausa, amma wajen karatu sai ta yi ta tuntuɓe. Duk kalmar da ta karkace sai na tare ta na gyara, ban bar mata ko ɗaya ba. "Yalla, yalla," nake ce mata, kamar ina kan lebura. Da ƙyar muka haye Farawa da Fitowa. Muna shiga Littafin Firistoci jan biro ya cinye takardar. Wata asuba ta rufe littafin a hankali ta ce, "Kalas, shi ke nan, Baba, ni ba ni da kai." Ba ta yi kuka ba. Da ta yi, da ya fi mini sauƙi.

Rahila ta ce mini, "Baban Inna, ka mai da Maganar Allah kwangila." Kwana biyu ina amsa gaisuwarta a ciki.

Lahadi ranar aiki ce a nan, Juma'a muke hutu, ita ce Lahadinmu. Wata Juma'a ina neman wata takarda a ƙasan akwati sai hannuna ya taɓa Littafinki, a naɗe cikin ɗankwalinki. Yaya Asabe ta ba ni shi lokacin da na je gaisuwa, an riga an binne ki, don na tsaya miƙa aiki. Kunyar wannan ce ta hana ni kwance shi duk shekarun nan.

Na kwance. Tsinkayen tsintsiyarki suna nan inda kika bar su, wani dogo, wani gajere, wani da jan zare, wani kin ƙona masa kai. Ba ki san baƙi ko ɗaya ba, amma kin san tsinkayenki. "Tanko, buɗe mini mai jan zare," haka kike cewa. Farkon damina, labarin mai shuki. Da kaka, Rut a gona tana kala. In wani ya kwanta ciwo, Zabura. In na yi faɗa da yayyena, Yusufu.

Kina ɓarar gyaɗa, kai a sunkuye, ni ina bakin tabarma ina in'ina. Ban tuna ranar da kika gyara mini kalma ba. Na ɗauka don ba ki sani ba ne. Ki yafe mini, a zuciyata har raina ki na yi.

Ina riƙe da tsinken Yusufu sai na tuna ranar da nake ɗokin tafiya ƙwallo, na tsallake layi huɗu don in gama da wuri. Ko ɗagowa ba ki yi ba kika ce, "Tanko, ka tsallake rijiya."

Ashe duk kin haddace. Ashe ba don ke nake karatun ba. Duk tuntuɓen da na yi kina ji, kalmar tana bakinki, kika riƙe ta, kika bar ni na kai da ƙafata. Ke ce malamata, Inna, ni kuwa ina yawo ina cika baki.

Na cire takardar firij. Sabon tsarin naki ne. Tsinkayenki arba'in da ɗaya ne, tsinke ɗaya kowane mako, ranar Juma'a da hantsi bayan an karya. Sauran ranaku ta maimaita wurin da uwarta yadda ta ga dama, ba akwati, ba biro. Makonnin da suka rage a shekara ita za ta zaɓa. Nan ba damina ba kaka, zafi ne sai sanyi, don haka Yaya Asabe za ta riƙa aiko da saƙon murya. Ranar da ruwan shuka ya sauka a garinmu, mu buɗe mai shuki. Ranar da aka fara yankan gero, mu buɗe Rut. Ni kuma na sayo gyaɗa mai kwanso a kantin wani ɗan Sudan, don hannuna ya sami abin yi, idona ya bar bakinta.

Kafin mu fara na ba ta haƙuri. Ban taɓa bai wa wanda na girma haƙuri ba, da ƙyar kalmar ta fito.

Juma'ar farko a tsaye ta karanta, kusa da ƙofa. Ta biyu ta ɗosana a hannun kujera. Jiya ta sauko kan darduma. Ta maƙale a wata kalma, kalmar tana bakina har tana ƙona ni. Na ci gaba da ɓarar gyaɗa. Ta yi, ta sake yi, ta haye da kanta. Ta ɗago ta dube ni, na yi kamar ban gani ba. Sai jiya na san nauyin shirun da kika yi mini.

Yau da na dawo daga aiki na sa makulli, ba ta tashi ba. Tana zaune da Littafinki a cinya. Tsintsiyar gidan nan ta roba ce, ba ta da tsinke, sai ta ciro guntun jar waya daga jakar aikina ta sa a wurin da ta haye jiya. Tsinkayenki sun zama arba'in da biyu.

Allah ya ba ki hutawa a wurinsa, Inna. Ya gafarta mini girman kaina, ya koya mini riƙe bakina kamar yadda kika riƙe naki. Ya raya takwararki cikin Maganarsa, ya haɗa fuskokinmu ranar tashi. Amin.

Ɗanki da ya makara wajen godiya,
Istifanus, wanda kike kira Tanko.