Landan Ta Riga Mu Ganin Baba

Bunkure,
9 ga Janairu.

Zuwa ga Yayana Abdulrauf,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa tare da fatan kana lafiya. Yaya karatu, yaya kuma tarin da ka ce sanyin Landan ya sa maka? Allah ya sawwaƙe. Mu nan lafiya lau, Inna tana gaishe ka. A takarda na rubuta na ɗauki hotonta na turo maka, don in na yi saƙon murya Baba zai ji. Tun da idonsa ya fara ja da baya kunnensa ya ƙara kaifi.

Bayan haka, maganar fim ɗin nan ce. Ba ka nan lokacin da Badamasi ya zo, firodusan nan mai baƙin gilashi ko a inuwa. Sati uku shi da mutanensa suka yi a gonar Baba, daidai lokacin da aka rufe ruwa ana gyaran kanal. Suka tattake mana fangalin irin albasa, Inna tana dafa wa mutum ashirin abinci, ba wanda ya ɗaure musu fuska. Ranar da za a ɗauki Baba ya fito da rigarsa ta Juma'a, suka ce ya koma ya sa yagaggiyar da yake ban-ruwa da ita, wai ta fi kama da gaskiya. Ya koma ya sa yana dariya.

Yanzu an gama, sai ga jadawali. Landan a Janairu, Dubai a Afrilu, Legas a Yuli, Kano sai Oktoba. Mu da muka hura wutar, ƙanzo za a kankaro mana. Na kira shi na tambayi dalili, ya ce wai tsarin kasuwar duniya ne, Malama, ba za ki gane ba. Ni da nake koyar da Turanci shekara takwas, mutumin da ba ya iya haɗa jimla biyu ba tare da ya yi tuntuɓe ba shi ne zai ce ba zan gane ba. Na ce masa idon Baba ba zai jira kasuwar duniya ba. Ya ce Allah ya ba shi lafiya, ya kashe waya.

Yaya, likitan da muka gani a Kano bai ɓoye mana ba. Hawan jinin ido ne. Na hagu ya riga ya tafi, na dama yana binsa, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Kullum in ya dawo daga gona sai ya tambaya ko an kawo hotonsa.

Kai kuma a sinimar da ake nuna shi a Landan kake aikin duba tikiti, ka kalla har sau nawa, amma da na tambaye ka sai ka ce “ya fito,” ka canja magana. Wannan wace irin amsa ce? Turawan da ba su san shinkafa a ruwa take tsiro ba suna zaune suna kallon ubanka, ƙanwarka tana roƙon labari. Ka tsaya a bayan ɗakin ka ɗauko mana da wayarka. Kada ka kawo mini zancen doka. Na yi maka alkawari daga ni sai Baba da Inna, in mun gani zan goge.

Ka gaida abokan zamanka. Allah ya ba da sa'ar karatu.

Ƙanwarka,
Mubina.

Bunkure,
3 ga Fabrairu.

Yaya Abdulrauf,

Sallama irin ta addinin Musulunci. Ina fatan jikinka ya yi sauƙi. Baba da Inna suna lafiya, tumatir ya fara nuna.

Saƙo ya iso, na gode. Yanzu na gane dalilin da ya sa kake ta kwana-kwana, ka yafe mini baƙar maganar da na yi maka.

Bari in fara da laifina. A waya Baba bai ga komai ba sai haske. Don haka na hau Keke Napep na je Kura wajen Amiru, mai shagon tura fina-finai a waya da ke bakin tasha, don ya juye mini a filas mu sa a talabijin. Na faɗa masa amana ce. Ya dafa ƙirji ya yi rantsuwa har sau uku, ya ƙi karɓar ko kwabo, wai ai Malam Iliyasu uban kowa ne. Da ina da wayo, daga nan zan gane.

Bayan la'asar muka jawo wa Baba kujera har gaban talabijin, hancinsa kamar zai taɓa gilashin. Hoton yana rawa, wani mai ƙaton kai yana ta giftawa, amma ya ga kansa. Ya nuna da yatsa ya ce wa Inna, “Ga ni nan, wallahi ga ni nan.” Rabon da in ga haƙoransa haka tun ranar da aka ba ka gurbin karatu.

Ni kuwa idona yana kan rubutun Turancin da ke wucewa a ƙasa. Da kunnena ina jin Baba yana cewa an rufe ruwan ne don gyara, nan da sati biyu za a sako shi, in ka dawo bayan wata uku ba za ka sami wurin taka ƙafa ba saboda tumatir. Rubutun kuwa cewa yake yi ruwa ya ƙare, 'ya'yanmu suna kwana da yunwa, ba mu san abin da gobe za ta kawo ba. Sun sa kiɗa mai ban tausayi ya danne rabin muryarsa. Busasshen kanal, yagaggiyar riga, tsohon da idonsa ke hawaye saboda ciwo. Har na ji 'yan kallonku suna ajiyar zuciya, a ƙarshe suka yi ta tafi. Ashe wannan ne tsarin kasuwar duniyar da ba zan gane ba. A fara kai wa waɗanda ba sa jin Hausa, a tara lambobin yabo, kafin masu jin Hausa su gani an ci kasuwa an watse.

Baba ya tambaye ni mene ne farin abin nan da ke gudu a ƙarƙashin gemunsa. Na ce sunanka ne, Baba, da sunan garinmu. Ya ce, “Duk tsawon nan?” Na tashi na shiga ɗaki kamar zan ɗauko wani abu.

Kwana biyu tsakani na kama wata ɗalibata tana kallonsa a ƙarƙashin benci. Amiru ya watsa shi a intanet, ya manna sunan shagonsa da lambar wayarsa a tsakiyar hoton, daidai kan hular Baba. Na je na same shi. Ko kunya babu, ya ce ai taimakon jama'a ya yi, don me za a hana talaka ganin garinsu. Mai taimakon jama'a da layin mutane a ƙofar shago kowa da kuɗinsa a hannu! Ban zage shi ba, na dube shi ne tun daga silifas har gashin da ya murɗe kamar gidan tururuwa, na fito.

Jiya kuma ga Badamasi a rediyo, murya na rawa, wai ɓarayin zaune sun kashe masa gumin shekara biyu, wai mutanen karkara ba su san darajar fasaha ba. Kura ce take ce wa kare maye.

Ina jin tsoro saboda kai. Ka rubuto mini ko layi ɗaya ne.

Taka,
Mubina.

Bunkure,
21 ga Maris.

Yayana,

Assalamu alaikum. Yaya kake, yaya haƙuri? Kowa a gida lafiya.

Na ga saƙonka mai layi biyu. Masu fim ɗin sun bi wata alama da ke ɓoye a hoton sun gano sinimar da ranar, an kore ka daga aiki, makaranta kuma ta kira ka gaban kwamiti. Na karanta ya fi sau ashirin. Ba ka zage ni ba, da ma ka zage ni ɗin. Ni na matsa maka, ni na yi alkawari, ni na ɗauki amanarka da ƙafata na kai wa Amiru. Ba ni da bakin ba da uzuri.

Ƙaryar da na yi wa Baba ma ba ta yi sati uku ba. Ya je Kwanar Gafan ana yi masa lodin tumatir mota biyu, sai wani dillali ya ɗaga murya cikin mutane ya ce ashe Malam Iliyasu da yunwa kuke kwana, ku bari a haɗa muku taimako. Aka kwashe da dariya. Da ya dawo bai ci abinci ba. Ya zaunar da ni ya sa na kunna, na riƙa tsayarwa ina fassara masa layi-layi. Da na gama, sai ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa.

Makon jiya Badamasi ya zo. Ya fara sa an tsare Amiru kwana biyu, aka sako shi, yana dawowa ya buɗe shago ya ci gaba da sana'arsa. Daga nan ya biyo ta gidanmu da kyamara, wai Baba ya yi gajeren jawabi ya roƙi jama'a su goge na sata su jira Oktoba. Ka ji ƙarfin hali. Na ɗauka Baba zai kore shi. Sai ya sa aka shimfiɗa tabarma a zaure, Inna ta zubo shinkafar gonarmu da miyar ɗanyen tumatir da zabi biyu. Ya tsare shi sai da ya ci, in ya tsame hannu Baba ya ce ƙara. Da ya ƙoshi har yana gumi, Baba ya ce ya karanta masa abin da ya rubuta a ƙarƙashin gemunsa.

Ina bayan ƙofa ina ji. Gogan naka ya hau kame-kame, wai mai fassara ne, wai can abin da suke son ji ke nan, in ba haka ba ba za su saya ba. Baba ya ce, “Kai da aka sace wa fim ka san inda za ka kai ƙara. Ni da aka sace wa baki fa, wace kotu zan je?” Badamasi ya miƙe. Ya naɗe wayoyinsa ya fita, ko sallama bai iya yi da kyau ba. Na leƙa na ga ya tsaya a gindin mota yana sakace.

A ranar na faɗa wa Baba abin da ya same ka da yadda aka yi, ban rage komai ba. Kwana biyu bai amsa gaisuwata ba. Ban taɓa jin abu mai ciwo irin wannan ba, kuma na san na cancanta.

Yau da safe zai tafi gona, Inna ta miƙa masa sanda, don yanzu sai da ita yake gane bakin kanal. Ya tsaya a ƙofar ɗakina ya ce in rubuta maka. Ya ce ka je gaban kwamitin ka faɗi gaskiya, kada ka ɗora wa kowa, kada kuma ka durƙusa wa kowa. In sun bar ka, ka gama karatunka. In sun ƙi, ka tattaro kayanka ka dawo gida, mayunwacin da suka tafa wa yana da abin da zai ciyar da ɗansa.

Inna tana sa maka albarka. Ni kuma ina jiran ranar da za ka iya kirana.

Wassalam. Ƙanwarka mai neman gafararka,
Mubina Iliyasu.