Na ce hayaƙi zai illata cikin matata, gida duka sun ɗauka wasa nike

Assalamu alaikum jama'ar wanga zaure. Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, yau ba ban dariya ta kawo ni ba.

Ni manomin albasa ne a wani ƙauye kusa da Karofane, kuma kowa ya san ni da zuzuta magana, ni ne na taɓa cewa na noma albasar da sai da jaki biyu sunka ɗauke ta. To bana ruwa ya kada madafarmu, girki ya koma cikin ɗakin matata, da kara da kashin shanu, hayaƙin ko kura ta shiga sai ta nemi gafara. Matata na da tsohon ciki, ƙaramar ɗiyarmu kuma tari ya ƙi sakinta.

Da munka tahi gidan likita awo, ungozoma ta saurari ƙirjin yarinyar, ta ce hayaƙi ne, in ba a hidda wuta waje ba jaririn ma zai iya zowa ɗan ƙarami ko da ciwon ƙirji. Na dawo na gaya wa Inna, mahaifiyata, sai tsakar gida ta ɗauki dariya, wai yau kuma hayaƙi na zuzuta. Inna ta ce cikin hayaƙi ta raine ni, a dubi tumbina, kuma shi ke korar sauro, shi ke hana gara cin azara. Na kafa rumfa a waje, ta ce mai ciki ba ta zama cikin iska. Na huda taga, ta toshe da tsohon zane. Matata ko kunyar suruka ba ta barinta ta ce uffan, sai ta share hawaye ta ci gaba da hura wuta. Ga wutar jego na tahe, cikin ɗakin nan za a hura ta, ƙofa a rufe.

Na so in kai matata gidansu a Keita, amma goyon ciki na haihuwar fari ne, yanzu in na kai ta kowa zai ce sakinta na yi, Inna kuma za ta ce na zaɓi mata na bar uwa.

Jiya yarinyar ta yi tari har ta yi amai, ta ce Baba ba ni dariya in manta. Wallahi ban iya ba, sai na rungume ta kawai.

Ku gaya mini, in kai matata Keita duk abin da za a ce a ce, ko akwai yadda zan yi Inna ta yarda cewa wanga karon da gaske nike?