Kusurwar da Baba Ya Hana Nomawa

Zuwa ga Auta,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya kai da Inna. Wata uku ke nan da na kawo tarakta ta kife gonar Baba kaf, har kusurwar nan ta gangare da kuka bar wa ciyawa. Mai taraktar ya ce dankali sai an rasa buhun zubawa. Shiru ban ji labari ba. Ko ka fara ƙasaita ne?

Yayanka.

Yaya,

Ina gaisuwa da ladabi. Inna tana gaishe ka da yara. Dankali ya fito da kyau, amma da ya fara fure sai ganye ya riƙa yaushi ko an yi ruwa. In ka yanka ɗaya, farin ruwa mai yauƙi ke fita, ga wari. Malamin gona ya duba, ya ce ciwon a ƙasa yake. Asalinsa kusurwar gangare, shi ya sa Baba ya hana a taɓa ta, ko fartanya ba ma shiga da ita. Garmar taraktar ce ta kwaso ƙasar wurin ta baza ko'ina. Ya ce mu manta da dankali a gonar nan shekara biyar. Ko irin da za mu ajiye ba mu samu ba.

Ka huta lafiya,
Auta.

Auta,

Bayan gaisuwa. Raina ya ɓaci ƙwarai. Ni na bar gida kafin ciwon nan ya ɓulla, ban san da shi ba. Kai ka sani. Kana tsaye a bakin gona taraktar ta nufi gangare, bakinka ciwo yake yi? Ka ba ni amsa, kada ka yi min kwana-kwana.

Yayanka.

Yaya,

Ina gaisuwa. Laifina ne, ban musa ba. Na buɗe baki sau biyu zan faɗa maka, na fasa. Amma shekara tara rabonka da taka gonar nan, ranar kuma ka zo ka tuɓe takalmi, kana bin taraktar kana dariya, kana cewa yau dai ka yi wa gida wani abu. Na ji tsoron in na tsayar da ita, ba za ka sake zuwa ba.

Baɗi masara za mu shuka. Ka zo.

Ƙaninka,
Auta.