Ko in rubuta sunan Baffa, ko in maimaita shekara

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a taimaka a ɓoye sunana, duk wanda ya karanta zuwa ƙarshe zai gane dalili. Don Allah ku ba ni shawara, amma tun yanzu nake faɗa, wanda zai ce min in yi haƙuri in bi malami kawai, ya adana datarsa.

Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe, sashen tarihi, 'yar Bukkuyum. Furojet ɗina a kan yadda noman gero da wake ya canza ne a ƙauyukanmu tun da 'yan bindiga suka matsa mana. Babi na huɗu kusan duk hira ce, ni da kaina na je, wani wurin a kan mashin, wani wurin a ƙafa, Innarmu tana gida tana ta addu'a har in dawo. Cikin waɗanda na yi hira da su akwai wani tsoho aminin marigayi babanmu, makiyayi ne kuma yana noma, Baffa muke ce masa. Shi ya faɗa min abin da babu shi a kowane littafi, yadda ake tilasta musu su fara nome gonar mutanen daji kafin su taɓa tasu, da yadda ɗan ƙanensa ya shiga cikinsu, har ta kai shi ke tsaye a kansu da bindiga suna noma. Yana faɗa yana kallon ƙasa. Kafin in kunna rikodin a waya sai da ya sa na yi masa alkawari ba za a ji sunansa ba, kuma na yi.

To a sashenmu ƙa'ida ce, duk maganar da ka ɗauko daga bakin mutum, a manazarta can ƙarshen kundi sai ka jera sunansa, da shekarunsa, da sana'arsa, da garinsu, da ranar da kuka yi hira. Ni sai na kawo maganar Baffa yadda ya faɗe ta, a ƙasa na sa "wani dattijo makiyayi". Sufabaiza ɗina, malamin da ke duba aikin, ya zagaye wurin da jan biro har takardar ta huje. Ya ce maganar da ba ta da suna ba hujja ba ce, hirar bakin kasuwa ce, kuma shekara da shekaru yana kama ɗalibai suna zama a ɗaki su ƙirƙiro tsofaffi. Ban ce ƙarya yake ba, ana yi. Amma ni na ce masa ga rikodin a wayata, ya saurara. Ya ce malamin da zai zo daga waje ranar difens, wato ranar kare kundi, takarda yake karantawa, ba wayata ba. Na ce to in sa musu lamba, mai ba da bayani na ɗaya, na biyu, in yi bayani a gabatarwa cewa saboda tsaro ne, tunda na ga ana yin haka a wasu bincike. Ya ce ba a ƙarƙashinsa ba, kuma in daina koya masa aikinsa.

Na san wani zai ce wa zai karanta kundin ɗaliba a daji. Ni da idona na ga kundin wata da ta riga mu gamawa a shagon kwamfuta a Gummi, ana yi wa mutane fotokwafinsa, da jerin sunayen duk waɗanda ta yi hira da su a baya. Kuma infoma ba a daji suke ba, a cikin gari suke, sun yi boko, suna da waya. Shafi ɗaya za a ɗauka hoto a tura. Baffa kuwa ta ko'ina bai tsira ba, mutanen daji za su ce ya tona su, 'yan sa-kai za su ce ashe ɗan ƙanensa na ciki.

Ƙawayena suka ce na cika taurin kai, in ƙirƙiro suna mana, kowa haka yake yi, malam ba zai je ƙauye ya bincika ba. Ba zan ɓoye muku ba, na gwada. Na zauna na haɗa wani suna da ban taɓa ji ba, na ba shi shekara sittin da 'yan kai, na sa ƙauyen. Da na je gida ina karanta wa Inna, ina zuwa kan sunan ta ajiye tankaɗen da take yi ta ce, "Ke ɗiyar nan, wanga ai mijin wance na! Mi yay yi miki da za ki liƙa mai wagga magana?" Ƙauyukanmu sunayen nan dai su ne, duk wanda ka haɗa sai ka tarar da mai shi, da matarsa da 'ya'yansa. Da na miƙa takardar nan, da na rataya wa bawan Allah abin da bai ji ba bai gani ba. A ranar na goge.

Na koma na faɗa wa malam duk wannan. Sai ya ce mafita mai sauƙi ce, in cire maganganun Baffa gaba ɗaya, in cike gurbin da abin da marubuta suka faɗa, tunda su suna da suna da shekarar bugu da lambar shafi. Wato mutumin da bai taɓa taka hanyar Zugu ta can wajenmu ba shi ne hujja, wanda aka sa shi noma da bindiga a kansa shi ne jita-jita. Na ce masa ba zan cire ba, raina a ɓace na faɗa, kuma ban yi nadama ba. Ya ce to ba zai sa hannu ba, in ba sa hannunsa kuma babu difens, sai baɗi. Ranar Litinin ake rufe karɓa.

Ni ce ta fari a gidanmu, ni ce kuma ta farko da ta kai jami'a, Inna har ta fara gaya wa maƙwabta bana zan gama. Ita ce ma ta kai wa Baffa labarin rigimar sunan ban sani ba. Jiya da hantsi sai ga kira daga wayar wani, ashe shi ne, ya hau tudu neman sabis. Ya ce, "Ɗiyata, in sunana ka hana ki gama karatu, ki rubuta. Ni na tsuhwa, kwana nawa ya rage min? Ubanki ya yi min abin da ya hi wanga." Bayan ya kashe na yi kuka sosai.

Yanzu kowa cewa yake shi ke nan, mai alkawari ya yafe, ba ni da sauran hujja. Ni kuma na san ba don ya daina tsoro ya faɗa ba, don kunyar babanmu ne. Ba zan rubuta ba.

Abin da nake tambaya, masu digiri na biyu da malaman da ke cikin guruf ɗin nan, in tsallake shi in kai maganar gaban shugaban sashe, ko hakan zai ƙara ɓata min? Akwai wanda aka taɓa karɓar kundinsa ba da sunayen mutane ba, ta wace hanya? In kuma babu hanya sai maimaita shekara, ku faɗa min gaskiya, ku kuma koya min yadda zan gaya wa Inna.