Ruku'un da Kabiru Ya Yi a Jana'izarki

Assalamu alaikum, Hajara. Bayan gaisuwa irin ta addinin Musulunci, ina fatan Allah Ya sa kina cikin rahama. Yau kwana arba'in da muka kai ki makwancinki a Karare, kuma akwai maganar da na kasa haɗiyewa. Malamin firamaren nan maƙwabcinmu ne ke rubuta mini, kin san ni ban yi boko ba.

Ranar jana'izarki, autanki Kabiru ya iso daga Kaduna ana ɗaura sahu. Aka buɗa masa ya tsaya kusa da ni. Liman ya yi kabbara ta biyu, sai na ji an sunkuya a gefena. Ruku'u ya yi, Hajara. A sallar gawa, shi kaɗai, gaban mutanen Karare da baƙin da suka zo daga garin Zakka. Aka sallame, kowa ya kawar da kai. Da ma sun yi dariya da ya fi mini sauƙi.

Nan take na ce aikin Rifkatu ne. Shekara takwas ke nan tun da ya auro ta daga asibitin Batsari inda take aiki, ga ta Kirista, na rantse ba zan ci abin da ta dafa ba, na hana shi shigo mini zaure. Liman ya ce auren ya halatta, na ce a gidan Liman ya halatta. Ke kuwa kullum maganarki ɗaya: "Malam, ka rufe masa ƙofa, ina zai ga ana salla?" In ce ki rufe mini baki.

To, kwana bakwai suka yi nan zaman makoki, na sa ido. Matar nan ba ta kai loma baki sai ta runtse ido ta yi addu'arta. Da an kira azahar, ita ke cika buta ta ajiye masa a gindin darbejiya. Rana ta uku na gan shi ya ɗauki butar ya wanke gilashin mota, ya koma ciki da wayarsa. 'Ya'yansu biyu kuwa, ba su iya Fatiha ba, addu'ar uwarsu ma ba su iya ba.

Ashe ba ta ja shi ko'ina ba. Ita tana da inda ta tsaya. Ɗanmu ne ba shi da ko ɗaya, kuma ni na rasa wanda zan ɗora wa laifin. Kada ki ce na sauko. Tuwonta dai ban ci ba har suka tafi.

Hajjo, ƙafafuna sun fara kumburi, geron bana ma wasu suka yanke mini. Abin da ke hana ni sukuni shi ne, in an rufe mu mu biyu, wa zai ɗaga hannu ya ambace mu?

Jiya na taka har gidan Liman. Na roƙe shi, in tawa ta zo, kada a ja Kabiru sahun gaba. A tsayar da shi can baya, kusa da wani dattijo mai rufin asiri da zai riƙe masa hannun riga. Amma a tabbata ya tsaya.

Allah Ya haskaka kabarinki, Ya shiryi yaron nan ko bayan ba na nan, Ya yafe mini in ni na kore shi.

Mijinki,
Malam Idi, Karare